INA RUWAN MACE DA TAURARI?

 Yau alƙalamina da faɗa ya tashi, kuma faɗan da mu iyaye mata zan yi shi, musamman na yankinmu tun daga Bodinga da Sifawa har zuwa Shagari, sai kuma mazan da ke ɗaure mana gindi. Wadda maganar ta yi wa zafi ta yi haƙuri, gaskiya ɗaci gare ta, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Akwai wata rana guda a rayuwar ɗiya mace da muke wasa da ita, alhali a ranar ake yanke mata ƙaddarar karatunta. Ranar kuwa ita ce ranar da ta gama aji uku na ƙaramar sakandare, aka zo raba ɗalibai, waɗannan ajin kimiyya, waɗancan ajin adabi ko na kasuwanci. Yarinya mai kaifin ƙwaƙwalwa, wadda lissafi ke gudu a kanta kamar ruwa, sai ta dawo gida da murnarta ta ce, "Inna, malaminmu ya ce in shiga ajin kimiyya, ni kuma so nake in karanci ilmin taurari, in zama malamar jami'a." Kafin uwar ta buɗe baki, gwaggon da ta zo wuni ta riga ta karɓe zancen: "Ke tafi can! Ina ruwan mace da taurari? Bokanci za ki koya mana? Ki samu wanda zai fi miki sauƙi ki gama ki yi aure, duk tsiya dai a kicin za a ƙare." Uwa ta yi dariya, yarinya ta sunkuyar da kai, shi ke nan an rufe ƙofa. Ƙofar nan kuwa wuyar sake buɗuwa gare ta, domin wadda ba ta yi fiziks da kemistiri a sakandare ba, ba ta da hanyar zama jarrabawar shiga jami'a a wannan fanni.

To jama'a, ku zo mu dubi abin kunyar da ke cikin wannan magana. Duk daren ashirin da tara ga Sha'aban, Musulmin Nijeriya tun daga Legas har Maiduguri kunnensu na Sakkwato, ana jiran Mai Alfarma Sarkin Musulmi ya ce an ga wata ko ba a gani ba. Haka a ƙaramar Salla, haka a babba. Mu ne ke faɗa wa ƙasa wata ya tsaya. Amma idan aka tashi zancen jami'ar da ta yi suna wajen koyar da yadda watan nan da sauran taurari ke tafiya, sunan da ke fara fitowa shi ne Nsukka, can ƙasar Ibo, inda suke da sashe guda na fiziks da ilmin taurari. A can Farfesa Samuel Okoye ya koyar, mutumin da ya samo digirin dakta a wannan fanni daga Jami'ar Kambirij ta Ingila tun 1965. A can kuma hukumar sararin samaniya ta ƙasa, wadda aka kafa a 1999, ta ajiye cibiyarta ta binciken taurari. Ba hassada nake musu ba, sun shuka ne suka girba. Tambayata ita ce, mu da muke da watan, me ya hana mu shuka?

Bari in bi hujjojin gwaggo ɗaya bayan ɗaya, don kada a ce na yi mata rashin adalci.

Ta ce bokanci ne. A nan an haɗa abu biyu ne da ba su da dangantaka sai ta suna. Mai duba shi ne wanda zai ce miki tauraronki ya hau, za ki auri mai kuɗi, ko kishiyarki ce ta danne miki tauraro, kawo baƙin zakara. Wannan ɗan damfara ne, kuma abin takaici mu mata mu ne manyan masu kai masa kuɗin cefanenmu. Shi kuwa ilmin falaki awo ne da lissafi. Shi ne ya gano cewa daga jinjirin wata zuwa jinjirin wata kwana 29 ne da awa 12 da minti 44, shi ya sa wata ke yin kwana 29 ko 30, shi ya sa kuma shekarar Hijira ke da kwana 354, azumi yana matsowa da kamar kwana 11 duk shekara, ya zagayo daga bazara zuwa hunturu. Shi ne ya auna cewa tsakaninmu da rana kilomita miliyan 150 ne, haskenta na ɗaukar minti 8 da 'yan daƙiƙoƙi kafin ya iso tsakar gidanki. Jadawalin lokutan salla da ke rataye a ɗakinki, da alƙiblar da wayarki ke nuna miki idan kin je baƙon wuri, duk da wannan ilmi aka fitar da su. Kina cin tuwon, kina zagin mai tuƙawa.

Ranar 29 ga Maris, 2006, rana ta yi husufi, duhu ya rufe Gusau da Katsina da hantsi. Masana sun faɗi ranar da mintin tun shekaru kafin ta zo, kuma haka aka yi. Ba gaibu suka sani ba. Sun san wata yana shiga tsakanin duniya da rana ne ya tare haske, sun san saurin tafiyarsa, sai suka lissafa, kamar yadda mai ciki ke lissafa watan haihuwarta. Rashin wannan sani kuwa yana da tsada. A Janairun 2001 da wata ya yi husufi, matasa sun fita a Maiduguri suna ƙone-ƙonen otal-otal da gidajen giya, wai zunubin mutane ne ya jawo. Alhali Manzon Allah (SAW) ya kashe irin wannan zato tun ranar da husufi ya dace da rasuwar ɗansa Ibrahim, ya bayyana wa sahabbai cewa rana da wata ayoyin Allah ne, mutuwar wani ko rayuwarsa ba ta sa su husufi, ya kuma umarce su da salla da addu'a. Da uwayen yaran nan sun san abin da ke faruwa a sama, da sun zaunar da 'ya'yansu a gida. Uwa ita ce makarantar farko, to me za ta koyar idan ita ma abin da ta gada shi ne kaɗa gwangwani wai rana ta kama wata?

Ta ce kuma ba gadonmu ba ne, kuma ba aikin mata ba ne. Haba gwaggo! A ƙasar Bodinga ake faɗin haka? Nan Sifawa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna bayan jihadi yana karantarwa yana wallafa littattafai, har zuwa 1815 da ya koma Sakkwato. Nan Bodinga ƙanensa Malam Abdullahi ya zauna, malamin da har yau ake karatun tafsirinsa. Shehu da kansa a littafinsa Nurul Albabi ya yi kaca-kaca da malaman da ke tara ɗalibai a zaure su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin duhun jahilci. Ɗiyarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fillanci da Hausa, ta kafa 'Yan Taru, tana naɗa wa jajinta malfa su shiga ƙauyuka suna koyar da mata. In kin dubi aikin Nana da kyau, ai aikin malamar jami'a ne tun ba a gina jami'a ba: ta karanta, ta rubuta, ta yaye malamai, malaman suka yaye wasu. Shi kuwa garin Shagari, ɗansa da ya mulki Nijeriya daga 1979 zuwa 1983, Alhaji Shehu Shagari, da alli ya fara, malamin kimiyya ne a Midil ta Sakkwato kafin siyasa, har ya tsara Waƙar Nijeriya don yara su riƙe labarin ƙasa. Garin da ya ba ƙasa malamin kimiyya ta naɗa shi shugaba, a nan za a ce wa yarinya kimiyya ba ta gidansu ba ce?

Shi ma saman ba baƙonmu ba ne. Kakanninmu sun raɗa wa taurari suna da harshenmu: ga Zara matar wata, ga Gamzaki na asuba, ga Kaza da 'ya'yanta wadda Larabawa ke kira Surayya. Tsofaffin manoma da malaman zaure sun san taurarin shekara 28, kowanne da kwana 13, guda ɗaya ne mai 14, da su suke gane kamawar damina da shigowar ɗari. Abin da malamar jami'a za ta yi shi ne ta ɗora daga inda suka tsaya. Ita ce za ta gaya miki cewa Zara da Gamzaki abu ɗaya ne, wata duniya ce maƙwabciyarmu mai zagaya rana, wani lokaci ta bayyana da magariba, wani lokaci da asuba, hasken da kike gani a jikinta kuma na rana ne take mayarwa.

Hujja ta uku ita ce wadda ta fi tsorata iyaye, wato aure. Wai mai dogon karatu za ta tsufa a gida, ko kuwa idan ta yi aure karatun ya mutu. Ga amsa daga Kano. Farfesa Rabi'a Salihu Sa'id, haifaffiyar Wangara ta ƙasar Gezawa, tana da shekara 18 ta yi aure bayan gama sakandare. Sai da ta kai shekara 29, da 'ya'yanta, sannan ta shiga jami'a, tana tafiyar da makarantar ƙananan yara don ta samu kuɗin karatu. Ta fara koyarwa a Jami'ar Bayero a 1999, ta zama dakta a 2013, fanninta shi ne binciken iskar sama da yanayin sararin samaniya, wanda maƙwabcin ilmin taurari ne na ƙut da ƙut. A 2015 aka ba ta lambar yabo ta duniya ta mata masana kimiyya, a shekarar kuma BBC ta sa ta cikin mata 100 da suka yi fice. Uwar 'ya'ya shida ce. A Nsukka ma ga Farfesa Francisca Okeke, ita ma uwar 'ya'ya shida, mace ta farko da ta shugabanci sashen fiziks na jami'arsu, wadda UNESCO ta karrama a 2013 saboda bincikenta a kan wutar lantarkin da ke gudana can ƙololuwar iskar sama. Wace ce a cikinsu ta rasa miji? Wace ce ta rasa haihuwa? Ke matar aure da kika ajiye takardar sakandarenki a ƙasan akwati kina cewa lokaci ya wuce, shekarunki nawa? Kin kai ashirin da tara?

Sai hujja ta huɗu, wai me za a ci da taurari. Ku saurari labarin Zagami. Ranar 3 ga Oktoba, 1962, wani dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo daga sama a gona kusa da ƙauyen Zagami ta ƙasar Katsina, dab da wani manomi. Da masana suka bincika sai suka gano ɓallin duniyar Mas ne, wato Mirrihu. Aka yayyanka shi, gutsattsarinsa suka watsu a ɗakunan bincike da gidajen tarihi na ƙasashen Turai da Amurka, mutane suka yi ta rubuta takardu suna samun digiri da ƙarin girma a kansa, har Amurkawa suka liƙa ɗan ƙwayarsa a jikin kumbon da suka harba zuwa Mas a 1996. A gonarmu arziki ya faɗo, wasu suka ci, domin su ke da masu karanta shi. Tun 2003 Nijeriya ta harba tauraron ɗan'adam nata na farko. Hasashen damina da manomi ke ji a rediyo, da taswirar da ke cikin wayar direba, da dish ɗin da kike kallon fim, duk sararin samaniya suka dogara da shi. Masu wannan aiki kuwa malamin jami'a ne ya koyar da su. Idan babu malamin, babu su.

To yaya ake zama malamar? Ga hanyar dalla-dalla, don kada wata ta ce ba a faɗa mata ba. Farko ajin kimiyya a babbar sakandare, a fito da kiredit biyar a WAEC ko NECO, cikinsu da Turanci da lissafi da fiziks da kemistiri. Sai jarrabawar JAMB, a nemi fiziks. Ba sai an yi nisa ba, ga Jami'ar Usmanu Danfodiyo da aka kafa a 1975, daga Bodinga tafiyar ba ta kai awa guda a mota ba, tana da sashen fiziks, tana kuma da cibiyar binciken makamashi da ta daɗe tana aiki a kan hasken rana. Ita ma rana ai tauraruwa ce, ita ce mafi kusa da mu. Digirin farko shekara huɗu ne, sai bautar ƙasa shekara guda, kuma matar aure na da damar neman a bar ta inda mijinta yake. Wadda ta fito da sakamako mai daraja ta ɗaya, ko ta biyu babba, ita jami'a ke iya riƙewa a matsayin mai koyon aikin koyarwa. Daga nan sai digiri na biyu, kamar shekara biyu, a nan ne ake karkata zuwa ga taurari sosai, ko a Nsukka ko a waje. Sai na uku, wato dakta, shekara uku ko fiye. Asusun TETFund yana ɗaukar nauyin malaman jami'o'in gwamnati su ƙaro irin wannan karatu.

Matakan aikin bakwai ne, daga mai koyon aiki, zuwa mataimakiyar lacara, lacara ta biyu, lacara ta ɗaya, babbar lacara, mataimakiyar farfesa, sannan farfesa. Ba a hawa da daɗewa kawai, ba a hawa da kyan fuska. Sai kin yi bincike, kin rubuta abin da kika gano, wasu masana da ba su san ki ba sun tankaɗe shi sun rairaye, an buga a mujallar ilmi, sannan a ƙirga miki. Yarinyar da ta shiga jami'a tana da shekara 18 za ta iya zama dakta wajen shekara 30, kuma bisa dokar 2012 farfesa sai ya kai 70 yake ritaya. Ku lissafa ɗaliban da za su bi ta hannunta cikin shekara arba'in.

Masu cewa aikin dare ne, mace za ta kwana a daji tana leƙen sama, sun tsaya a zamanin da. Yawancin aikin yau a gaban kwamfuta ake yin sa. Manyan madubban hangen nesa suna wurarensu suna tattara bayanai, ana turo wa masu bincike ta intanet. Afirka ta Kudu ta buɗe MeerKAT a 2018, manyan faya-fayai 64 masu kama da dish, suna sauraren saƙon da ke fitowa daga taurari. Ghana ma a 2017 ta mayar da wani tsohon faifan sadarwa mai faɗin mita 32 a Kuntunse ya koma na binciken sama. Mace na iya zama a ofishinta a Sakkwato da hijabinta, ta yi aiki da abin da waɗannan na'urori suka ɗauko, la'asar ta yi ta koma gida.

Ba zan shafa muku zuma a baki ba, aikin da wahala. Albashin malamin jami'a bai kai wahalarsa ba, kayan aiki sun yi ƙaranci, wuta ta zo ta ɗauke. A 2022 malamai sun yi wata takwas suna yajin aiki, daga Fabrairu zuwa Oktoba, ɗalibai na zaune a gida. Wadda ke neman kuɗin dare ɗaya ta nemi wata sana'ar. Amma ku gaya mini, wace hanya ce ta mace ba ta da wahala? Tallan da muke ɗora wa yarinya a bakin titin Bodinga, tana bin motocin Jega da Birnin Kebbi da faranti a ka, shi ne mai sauƙi? Ko zawarci da 'ya'ya uku babu sana'a babu takarda? Wahalar da ke da ƙarshe mai kyau ai ta fi wadda ake gadar wa 'ya'ya.

Kuma kada mu fake da talauci, mu mata mun san kanmu. Tun yarinya na firamare uwa ta shiga adashen kayan ɗaki, tana tara kwalla da tangaran da zannuwan gado. Biki guda sai a fitar da anko kala uku. Amma kuɗin rajistar jarrabawa ya zo, sai a ce babu, a jira babanta, babanta ya ce a jira kaka. Wace uwa ce a cikinmu ta taɓa shiga adashe da niyyar kuɗin JAMB? Kwalla tana tsatsa, gado yana karyewa, in aure ya mutu a kwaso su a akori-kura a jibge a zaure. Abin da ke cikin kai kuwa babu sakin da ke raba mace da shi.

Ku kuma iyayenmu maza da mazajenmu, idan matarku za ta haihu kuna neman likita mace ido rufe, idan ɗiyarku ta shiga jami'a kuna fatan ta samu malama mace da za ta kula da ita. Daga sama za su faɗo kamar dutsen Zagami? Sai wani ya bar ɗiyarsa ta yi karatun, sai wani ya yi haƙuri da matarsa ta je lacca. Kowa na son inuwa, ba mai son dasa icce.

Saboda haka, ke uwa, ranar da ɗiyarki ta zo miki da zancen ajin kimiyya, ki ce mata Allah Ya yi albarka, ki je makarantar da ƙafarki ki tambayi malamanta abin da take bukata, gwaggo kuma a ba ta goro a ce ta yi addu'a. Ki rage mata aikin gida lokacin jarrabawa, ƙannenta maza ma suna da hannu. Ke kuma budurwa, kada ki ji tsoron lissafi don an ce na maza ne, ba a rubuta sunan kowa a jikinsa ba. Idan saurayi ya zo zance, tun kafin a kawo kuɗin gaisuwa ki faɗa masa burinki, a yi maganar gaban manya, wanda ya gudu dama ba naki ba ne. Sannan daren da aka ɗauke wuta, garin ya yi tsit, ku shimfiɗa tabarma a tsakar gida ku da yara, ku nuna musu Zara, ku nuna musu Kaza da 'ya'yanta, ku bar su su yi tambaya. Wadda ta tambayi abin da ya fi ƙarfinku, kada a ce mata ta cika surutu. Ita ce za a kai makaranta.

Allah Ya nuna mana ranar da za a ce ga farfesar ilmin taurari 'yar Bodinga, ga ta Shagari, kwamitin ganin wata na neman shawararsu. Allah Ya shirya mana zuriya, Ya ba mu ikon gyarawa, amin.

Taku a kullum, mai ƙaunar ci gabanku.